Kyamarar maƙwabcina tana kallon tsakar gidana, ina mafita?

Wani magidanci daga ɗaya daga cikin sababbin unguwannin Kano ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce maƙwabcinsa na bayan gida ya ɗora bene, ya kafa kyamarorin tsaro, ɗaya daga ciki a kusurwar da ke saman katangarsu, irin mai juya kai ɗin nan. Tun daga ranar iyalinsa suka ƙaurace wa tsakar gida, har girki sun mayar cikin ɗaki duk da zafin da ake yi. Ban da wannan, kwamitin tsaron layinsu yana da guruf na WhatsApp inda ake tura hoton duk baƙuwar fuska, kuma kwanan baya hoton ƙanin matarsa aka tura, yana tsaye a ƙofar gida yana jiran a yi masa iso, aka rubuta a ƙasa: "Wa ya san wannan?" Yana son ya san abin da doka ta ce, ko yana da ikon ya hau ya karya kyamarar, da kuma inda ya kamata ya kai kuka.

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Bari in fara da abin da na fi tsoron ka yi: kada ka taɓa kyamarar nan. Kada ka jefe ta, kada ka sa yaro ya tsinke wayarta, kada ka shafa mata fenti. Ranar da ka yi haka ka tashi daga wanda aka cuta ka koma wanda ake tuhuma da ɓarnata dukiyar wani, kuma ita kyamarar ce za ta ba da shaida a kanka. Na san za a sami mai karanto maka hadisin wanda ya leƙa gidan mutane aka tsone masa ido. Hadisin ingantacce ne, amma malamanmu na Malikiyya da yawa sun ɗauke shi a matsayin tsoratarwa, ba lasisin ɗaukar doka a hannu ba, kuma alƙalin majistare ba da shi zai yi maka hukunci ba.

Shi ma maƙwabcin naka a ba shi nasa haƙƙin. Wanda aka taɓa cire wa batirin mota cikin dare, ko aka haura aka kwance masa sola, ko aka tare ɗansa a bakin layi aka ƙwace masa waya, ba za ka ce masa kada ya sa ido a ƙofar gidansa ba. Ƙofarsa, garejinsa, jikin katangarsa da ɗan titin da ke gabansa, duk yana da hujjar ya tsare su. Inda hujjarsa ta ƙare shi ne daidai inda idon na'urar ya tsallaka katangarka. Cewa da kuɗinsa ya saya, ko a jikin gininsa ya kafa, ba ya canza komai. Abin dubawa biyu ne kawai: me take gani, kuma ina hoton yake zuwa bayan ta gani.

Wannan ba sabuwar mas'ala ba ce a wurinmu, na'urar ce kawai sabuwa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta wurin da aka kawo ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa", sannan aka jero misalai: mutum ba zai buɗe taga kusa wadda zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta ba, ba zai buɗe ƙofa daura da ƙofar maƙwabci ba, ba zai yi haƙan da zai cutar da shi ba, ko da a cikin mallakarsa ne. Ka lura da ƙarshen maganar, ko da a cikin mallakarsa ne. Littattafan Malikiyya sun kuma kawo hukuncin Sayyidina Umar a kan wani da ya ɗora ɗaki a sama ya buɗe tagogi ta wajen maƙwabcinsa. Ya ce a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya. In yana hango abin da ke cikin gidan maƙwabcin a hana, in ba ya hangowa a ƙyale. Ba a tambayi mai tagar niyyarsa ba, ba a ce ya rantse ba ya leƙe ba. An gwada ne a gani. Ga kuma ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane, da ta Suratun Nur da ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, da hadisin da ya bayyana cewa saboda ido aka wajabta neman izinin.

Ginin gidanmu na gargajiya ma a kan haka aka tsara shi. Zaure ba ya kallon tsakar gida kai tsaye, sai ka karya kwana ka bi ta wani soron. Katanga takan fi tsawon mutum. Makewayi sau da yawa ba rufi, don ba wanda ya yi zaton za a hango shi daga sama. Magini in zai hau soro yin yaɓe sai ya ɗaga murya ya sanar, ko a aika yaro gidajen da ke kewaye a ce za a hau sama, mata su kimtsa. Wannan hawa na yini guda ke nan. Kyamarar maƙwabcinka ta hau ne ba ta sauka, dare da rana, kuma ba ta yi wa kowa sallama ba.

To, gwajin gadon nan shi nake so ka nema. Ka sami maƙwabcin cikin mutunci, kai kaɗai ko da dattijo guda wanda ku biyun kuke jin nauyinsa, ba a majalisa ba, ba kuma a guruf ba. Ka ce masa: Alhaji, iyalina sun takura, ina roƙon ka nuna mini abin da wannan kyamarar take ɗauka. Gani ya kori ji. Sau da yawa za ka tarar shi kansa bai taɓa lura ba, mai haɗawa ne ya kafa ta inda waya ta fi sauƙin kaiwa. Wani lokacin kuma za ka ga ba ta kallon gidanka sam, tsayuwarta ce ta yi kama da haka. Amma tunda ka ce mai juya kai ce, kada ka gamsu da hoton da ka tarar a allo. Irin waɗannan da ɗan yatsa ake juya su daga waya, hagu da dama, sama da ƙasa, wasu har suna bin motsi da kansu, kuma suna janyo abu na nesa ya matso. Ka ce a juya ta iya juyuwarta kana kallo. Abin da za ta iya gani shi ne ma'auni, ba inda aka ajiye kanta ranar da ka zo ba.

A wani zaman sulhu da na halarta a matsayin lauyan ɗaya ɓangaren, mai kyamarar ya yi ta rantsuwa cewa titi kawai yake kallo, kuma na yarda da gaske yake. Da aka kira yaron da ya haɗa, ya buɗe manhajar ya ja yatsa gefe, sai ga igiyar shanya, ga turmi a kife, ga butoci a bakin rariya, har zanen tabarmar da aka shimfiɗa ana iya gane shi. Shiru ya ratsa wurin. Abin da ya fi tayar wa mai gidan hankali ma ba wannan ba ne: a wayar yaron aka buɗe, ba a tasa ba. Wato tun ranar da aka kafa, mai haɗawa yana kallon gidajen biyu duk lokacin da ya ga dama, har da falon wanda ya biya shi kuɗin aiki.

Wannan ita ce hujjar da ta fi saurin shiga kunnen mai kyamara, don haka ka riƙe ta. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a kasuwa, musamman masu aiki da sola da layin waya, hotonsu yana bi ta intanet ne kafin ya iso wayar mai su. Wanda duk ya san lambar sirrin yana gani: mai haɗawa, 'ya'yan gidan, abokin da aka tura wa don ya ga yadda take aiki. Mutane da yawa ba sa canza lambar da na'urar ta zo da ita daga kamfani. A 2014 an gano wani shafin intanet da ke nuna hotunan kyamarori sama da 70,000 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, ba wata gwanintar kutse, lambobin kamfani kawai aka gwada suka buɗe. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya biya dala miliyan 5.8, bayan zargin cewa ma'aikatansa suna iya kallon bidiyon cikin gidajen masu saye, har wani ya riƙa kallon mata a ɗakunan kwanansu da banɗakunansu. Saboda haka in Alhaji ya ce maka shi mutumin kirki ne ba zai kalli iyalinka ba, amsar ita ce ba shi kaɗai ne mai ido a kan na'urar ba.

Gyaran kuma ba shi da tsada. Kyamarar da aka ɗora can saman bene ba ta ma iya aikin da aka saye ta dominsa, don hula da ƙeya kawai take ɗauka. Mai son ya gane fuskar ɓarawo yana kafa ta ne a tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, tana kallon mashiga. A sauko da ita, ko a musanya ta da marar juyawa, ko a sa mata ɗan marfin ƙarfe ta gefenka. Na'urorin kamfanoni irin su Hikvision da Dahua suna da wurin da ake zana baƙin akwati a kan wani sashe na hoton, ya zama ba a gani ba a naɗa. Yana da amfani, sai dai wanda ya zana yana iya gogewa cikin minti guda, don haka ni na fi natsuwa da gyaran da za ka iya gani da idonka daga tsakar gidanka. A kuma kashe makirfo. Mutane suna mantawa da shi, alhali ya fi hoton muni: hoto katanga tana tare shi, murya kuwa tsallakawa take yi. Hadisin da ke cikin Bukhari a kan mai sauraren hirar mutane ba da son ransu ba, kowa ya san azabar da aka ambata masa.

Ta fuskar dokar ƙasa, madogararka ta farko sashe na 37 ne na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa wannan haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, damar zuwa Babbar Kotu. Ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kuma kafa hukumar NDPC mai kula da kare bayanan jama'a. Hoton fuskar mutum da muryarsa bayanansa ne a idon wannan doka. Lauyan maƙwabcinka zai yi saurin nuna maka sashe na 3, inda aka ce dokar ba ta shafi abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa kawai ba. Ka ce ya ƙarasa karanta jimlar. An ɗaura sharaɗi a kai: matuƙar abin bai keta haƙƙin sirrin wani ba. Kyamarar da ke kallon inda matarka take wanka wa yara ta faɗi wannan sharaɗi tun kafin a fara muhawara.

Kotunan waje sun riga sun bi ta wannan hanya, kuma duk da hukuncinsu bai ɗaure alƙalinmu ba, lauyoyi suna kafa hujja da shi, musamman na Ingila da muka gaji tsarin shari'arta. A Disambar 2014 Kotun Tarayyar Turai ta duba batun wani mutumin Jamhuriyar Cek da ya kafa kyamara bayan an yi ta farfasa masa tagogi, ta ce da zarar na'urar ta ɗauki wani sashe na hanyar jama'a, to ta fita daga abin da za a kira harkar gida zalla. A Oktobar 2021 wata kotu a Ingila ta ba wata mata gaskiya a kan maƙwabcinta mai kyamarori, alƙaliyar ta kuma nuna cewa ɗaukar murya ya fi ɗaukar hoton zama matsala. Sai kuma Fabrairun 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa dandalin hange na gidan zane-zane na Tate Modern a Landan, inda baƙi ke tsayawa suna leƙen gidajen gilashi da ke daura da shi, takurawa ce da doka za ta iya hanawa. Abin da Risala ta faɗa tun fiye da shekara dubu, shi suka iso gare shi ta tasu hanyar.

Yanzu batun guruf, wanda a ganina ya fi kyamarar haɗari, ko da yake ka sa shi a na biyu.

Sa ido a unguwa ba yau aka fara ba. 'Yan majalisar bakin layi sun san wanda ya fita da wanda ya dawo, kuma wannan sanin ya sha hana ɓarna. Bambancin shi ne su ka san su, suna mantuwa, kuma in sun yi ƙarya a kanka ka san ƙofar da za ka buga. Guruf na WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024. Ko na layinku bai kai ɗari ba, ba ka san wayar wa ke hannun wa ba, kuma hoto in ya fita ya fita, ba kiranye. "Wa ya san wannan?" tambaya ce a baki, amma a ido tuhuma ce. Kafin la'asar wani ya tura wa wani guruf ɗin ya ƙara da "a yi hattara", na gaba ya mayar da shi "ɓarawon yara". Mun ga inda zargi kan kai in ya faɗa hannun taro: a watan Maris na 2025 matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta da ke hanyar komawa Kano, aka kashe a Uromi ta Jihar Edo bayan 'yan sintiri sun tare su an ce masu garkuwa da mutane ne. Wanda ya ji zafin wannan bai kamata ya riƙa tura hoton baƙo a layinsa ba tare da tunani ba.

Akwai kuma ɓangaren da kwamitocin tsaro ba sa so a faɗa. Guruf ɗin da ake rubuta wane ya yi tafiya a sa ido a gidansa, wane ya sayi sabuwar mota, gidan wane mata ne kawai da rana, shi ne ainihin abin da infoma yake nema, an tattara masa wuri guda kyauta. Haka littafin da ake ajiyewa a get ana rubuta suna da lambar waya da lambar mota. A buɗe yake kan benci, duk wanda ya zo sa hannu yana karanta na waɗanda suka riga shi, kuma mata baƙi su suka fi sanin kiran da ke biyo baya da dare. Sunan baƙo da gidan da ya nufa sun wadatar. Karɓe katin shaidar mutum a riƙe, ko ɗaukar hoton lambarsa ta NIN, ya wuce aikin maigadi.

Kwamitin unguwa ba zai fake da cewa harkar gida yake yi ba, don ba gida ba ne. Yana tattara bayanan mutane, saboda haka ƙa'idojin dokar 2023 sun hau kansa: a tattara don manufa sananniya, kada a ɗebi fiye da buƙata, kada a ajiye fiye da lokacin da ya dace, a kuma tsare kada ya yaɗu. Ƙanin matarka yana da damar ya nemi a goge hotonsa. In kuwa wani ya fito ƙarara ya kira shi ɓarawo, an shiga ɓata suna, wanda laifi ne a kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa, ban da diyyar da zai iya nema. Wanda ya tura abin da wani ya rubuta bai kuɓuta ba don ya ce shi ma turo masa aka yi.

Ban ce ka fita daga guruf ɗin ko ka yaƙi kwamitin ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma gobe kai ma za ka buƙace su. Ka nemi a sa maganar a taron wata, ka zo da shawara maimakon ƙorafi. A daina tura hoton mutum cikin taro; wanda ya ga abin da bai gane ba ya kira shugaban kwamiti ko mai gidan da baƙon yake tsaye a ƙofarsa, wanda sau tari kira ɗaya ya kashe maganar. Hoton yara da na mata kada ya shiga sam. Bidiyon kyamarar layi ya kasance mutum biyu sanannu ne ke da ikon buɗewa, sai an yi sata ko wani laifi, kuma 'yan sanda za a miƙa wa, ba Facebook ba. Abin da aka naɗa ya goge kansa bayan sati biyu zuwa wata guda, a ra'ayina hakan ya isa. A kafa ɗan allo a bakin layi mai sanar da cewa akwai kyamara. Ɓarawo ma ya fi jin tsoron wadda aka sanar da shi. A rubuta wannan a takarda, mai unguwa ya sa hannu.

In maƙwabcin ya ƙi nuna maka allon, ko ya gyara yau ya mayar gobe, sai ka hau mataki na gaba: mai unguwa da limamin masallacinku, daga nan dagaci, ko ofishin Hisbah, waɗanda sulhun maƙwabta aikinsu ne na kullum. In benen yana da tagogi ko baranda da ke fuskantar gidanka, ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ka tambaya ko ginin ya bi zanen da aka amince da shi. Kotu ita ce ta ƙarshe, don tana cin kuɗi da lokaci, kuma ko ka yi nasara katanga ɗaya za ku ci gaba da rabawa. Amma ƙofarta a buɗe take. Tunda ku biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci za ta iya sauraren ƙarar cutarwar maƙwabtaka, ta je ko ta tura a gani da ido, ta ba da umarnin a kawar. Babbar Kotu kuma za ta iya ba da umarnin a cire ko a juya, har da diyya. Kana iya rubuta ƙorafi ga NDPC, musamman a kan kwamitin.

Kafin nan ka tanadi shaida. Ka ɗauki hoton kyamarar daga cikin gidanka, yadda za a ga inda ta fuskanta, da rana da kuma da dare lokacin da jajayen fitilunta suke kunne. Kada ka hau katanga don ka ɗauko cikin gidansa, sai ka zama abin da kake ƙara a kai. Saƙon guruf ɗin ka ɗauki hoton allonsa da kwanan wata da lambar wanda ya tura, kuma kada ka sayar da wayar ko ka goge ta, don sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka samo shaidar daga gare ta.

Ba laifi ka ɗaura tamfol ko ka yi rumfa ta gefen don iyali su samu su sha iska kafin a gama magana. Sai dai kada rumfar ta sa ka yi shiru. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya ga ana cutar da shi ya zuba ido shekara da shekaru ba tare da uzuri ba, ƙorafinsa yana raunana, ana iya cewa ya yarda. Don haka ko da kun yi magana ta fatar baki kun rabu lafiya, ka bi ta da 'yar takarda mai kwanan wata, ka rubuta abin da ka nema da abin da ya amsa zai yi da ranar da ya ɗauka, ka ba shi ɗaya, ka kai wa mai unguwa ɗaya, ka ajiye ɗaya.